Mutum 420 sun danna tallana, biyu suka saya: a ina gizo ke saƙa?

Tambaya: Ina zaune a Hotoro, ina saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ina sayarwa ta Instagram da Facebook. Makon jiya na sa naira 30,000 na yi bustin ɗin wani hoto, wato na biya don a nuna shi ga mutane a matsayin talla. Lissafi ya nuna tallan ya bayyana sau 60,000, an danna sau 420, wai CTR ɗina 0.7. Wanda ya danna, shafina na Instagram yake zuwa, lambata tana can sama. Mutum 35 suka yi min magana a WhatsApp, biyu suka saya. Ƙawata ta ce nata yana kai 4. Tallana ne ba shi da kyau? Yaya zan ɗaga wannan lambar?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kin kyauta da kika kawo alƙaluman gaba ɗaya, domin yawancin masu wannan tambayar lamba ɗaya suke kawowa, alhali amsar tana cikin sauran.

Wannan CTR ɗin ba wani abu ba ne illa kason dannawa: cikin duk sau 100 da tallan ya bayyana a fuskar waya, sau nawa aka danna shi. Ki raba 420 da 60,000, ki ninka da 100, sai ki samu 0.7. Wato a duk bayyana 1,000, an danna sau bakwai. Ki lura, bayyana ake ƙirgawa, ba mutane ba. Mace ɗaya za ta iya ganin tallanki sau huɗu, a ƙirga mata huɗu.

Kada bakwai cikin dubu ya tayar miki da hankali. A 1994, lokacin da kamfanin AT&T na Amurka ya sa ɗaya daga cikin tallace-tallacen farko a intanet a shafin HotWired, an ruwaito cewa kashi 44 cikin 100 na waɗanda suka gan shi sun danna, saboda abin sabo ne. Wannan zamanin ya wuce. Yanzu ido ya saba, yatsa na ture talla kafin ƙwaƙwalwa ta karanta shi. Alƙaluman da kamfanonin talla na Amurka ke fitarwa game da Facebook sukan tsaya ne wajen kashi 1 zuwa 2, kuma su ma na 'yan kasuwar can ne, ba na masu sayar da leshi a Kano ba. Naki yana ƙasa kaɗan, akwai gyara, amma ba shi ne ya cinye miki kuɗi ba.

Batun ƙawarki kuma, kafin ki sa wa ranki damuwa ki roƙe ta ta nuna miki wace lamba take karantawa. A Ads Manager, wato shafin da ake tsara talla da duba lissafinsa a Facebook da Instagram, kason dannawa iri biyu ne. Ɗaya yana ƙirga kowace irin taɓawa: wanda ya buɗe hoton ya ƙara masa girma, wanda ya latsa don karanta ragowar rubutu, wanda ya nuna yana so, wanda ya yi sharhi, wanda ya taɓa sunan shafi. Ɗayan yana ƙirga waɗanda suka danna mahaɗin da kika sa ne kawai. Na farkon kullum ya fi kumbura, kuma shi mutane suka fi son ɗauka su nuna. In ma nata 4 ɗin na gaske ne, tambayar da ta dace ita ce turmi nawa ta sayar da shi.

Mu bi kuɗinki daki-daki. Naira 30,000 a kan dannawa 420, kowace dannawa ta tsaya miki wajen naira 71. Mutum 35 suka yi magana, kowane ya tsaya miki wajen naira 857. Biyu suka saya, kowane mai saye ya ci naira 15,000. In ribarki a turmi ba ta kai haka ba, an yi asara. To amma dubi inda mutanen suka zube. Daga 420 zuwa 35, mutum 385 sun danna sun tafi ba ko sallama. Daga 35 zuwa biyu, 33 sun yi magana sun sulale. Ko da kin ninka kason dannawa ya koma 1.4, sauran abubuwa suna nan yadda suke, cinikinki huɗu zai zama, kowane a kan naira 7,500. Amma da a ce 420 ɗin nan dai, 100 ne suka yi magana, kuma ɗaya cikin goma ya saya, kin sayar da turmi goma ba tare da kin ƙara ko sisi a talla ba. Kamar mai shago ne a layin Kwari da ke kukan masu wucewa ba sa waiwayowa, alhali waɗanda suka shigo ma babu mai ce musu sannu da zuwa.

Wannan ba yana nufin kason dannawa ba shi da amfani ba. Yana da shi, ta fuskar farashi. Duk lokacin da wata ta buɗe Facebook ko Instagram, ana yin gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin masu talla da ke neman idonta. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya bayyana cewa abu uku yake haɗawa: kuɗin da mai talla ya sa, hasashen ko wannan mutumin zai yi abin da tallan ke nema, da ingancin tallan kansa. Saboda haka tallan da mutane ke amsawa yana iya doke wanda ya fi shi kuɗi, kuma ya samu wuri da araha. Google ma haka yake yi: yana ba kalmomin talla maki daga 1 zuwa 10, kuma hasashen dannawa na cikin abu uku da yake dubawa. Ɗaga lambar yana rage tsada. Sharaɗin shi ne masu saye ne suka ɗaga ta, ba 'yan kallo ba.

Nan ne kuskurenki na farko yake, kuma ba a hoton yake ba. Da kika danna bustin, an tambaye ki abin da kike so: a ziyarci shafinki, a je wani shafin intanet, ko a turo miki saƙo. Kin zaɓi na farko. Na'urar Meta ba ta san kina son ciniki ba, abin da kika ce shi take nema. In kika ce ziyarar shafi, za ta tattaro miki mutanen da ɗabi'arsu ita ce leƙa shafuka, kuma Allah ya yi su da yawa, masu araha ne. In kika ce saƙon WhatsApp, za ta nemo masu ɗabi'ar tura wa 'yan kasuwa saƙo. Waɗannan sun fi tsada, kason dannawarki ma zai iya sauka, amma su ne kike nema. Ga kuma tsawon hanyar da kika ɗora wa mai saye: ta danna, ta sauka a shafinki, ta nemo lamba, ta kwafa, ta ajiye a waya, ta buɗe WhatsApp, ta nemo hoton da ta gani ta turo. A kowane mataki wasu na faɗuwa, musamman in sabis na wasa ko data ta kusa ƙarewa. Ki haɗa lambar WhatsApp Business ɗinki da shafin, ta yadda dannawa ɗaya za ta buɗe hira da ke, da saƙon da aka riga aka rubuta, ita dai ta tura.

Yanzu ga tallan kansa, wanda shi kika tambaya.

Abin da ke tsayar da yatsa shi ne abin da ido ya fara gani, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Masu sayar da yadi a garin nan suna da wata al'ada da nake ganin tana cutar da su: ɗauko hoton da dila ya tura wa kowa, ko hoton turame talatin a jibge cikin leda, a sa a talla. Hoton dila mutum ya riga ya gan shi a shafuka goma, ido ba ya tsayawa a kansa. Jibgin turame kuma a ƙaramar fuskar Tecno ko itel launuka ne kawai a cakuɗe. Ki ɗauki turmi ɗaya, ki warware shi, ki ɗauka a hasken rana na safe ko na bayan la'asar, ba ƙarƙashin farin ƙwan shago da ke sauya launi ba. Bidiyo ya fi hoto a wannan sana'ar, saboda mai sayen leshi tana son ganin yadda yake zuba da yadda duwatsun ke ɗaukar haske, mai sayen atamfa kuma tana son ganin gaba da baya da bakin zanen. Hannunki ya fito yana juya shi. Ki ɗauka a tsaye, yadda zai cika waya a Reels da Stories, wato wuraren gajerun bidiyo na Instagram da Facebook, kuma kada ki ɓata farkonsa da tambarin shago yana juyawa da kiɗa. Kayan ya fara bayyana. In kina da hoton ɗinkin da aka yi da shi, kuma mai shi ta yarda, ki sa, domin mata da yawa ɗinkin suke hangowa ba yadin ba. Ki yi magana da muryarki a ciki, amma ki rubuta muhimman abubuwa a kan bidiyon, don akwai masu kallo ba sauti, a ofis ko cikin Adaidaita.

Sai rubutu. Layin farko da na biyu kawai ake gani kafin a yanke, haruffa wajen 125. Kada ki kashe su a kan doguwar gaisuwa da kirarin shago. Ki kwatanta waɗannan biyun. Na ɗaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa, mun kawo muku sababbin kaya masu inganci da rahusa, sai kun zo." Na biyu: "Leshin biki, yadi biyar, naira kaza. Kala shida. Muna kaiwa ko'ina cikin Kano yau, ki biya in ya iso." Na farkon kowa zai iya rubuta shi, a kan kowane kaya. Na biyun ya amsa tambayoyin da ke ran mai saye tun kafin ta yi su.

Kin ga na sa farashi, kuma da gangan ne. Na san hujjar masu ɓoye shi: kada abokan hamayya su gani su karya, kuma in mutum ya shigo ana iya shawo kansa da baki. Ban yarda da ita ba a tallan da ake biya. Abokiyar hamayyarki ta san farashinki, a layi ɗaya kuke saro kaya. Abin da ɓoye farashi ke haifarwa shi ne tarin masu "nawa?", ki amsa, su yi shiru. Ina kyautata zaton yawancin 33 ɗinki irinsu ne. Kowane kin biya kuɗin dannawarsa, kin kuma ɓata lokaci a kansa. Farashi a fili yana korar wadda kuɗinta bai kai ba tun kafin ta ci miki naira 71. Zai iya rage kason dannawa, kuma wannan raguwar riba ce. In akwai ragi ga mai ɗaukar da yawa, kamar masu haɗa lefe ko anko, ki faɗa a layi na uku.

Kishiyar wannan ita ce dabarun kumbura lamba. A sa hoton wata 'yar fim ba da izininta ba, ko a rubuta "ba za ki yarda da abin da ya faru ba", ko a ce duk wanda ya yi sharhi zai ci kyauta. Dannawa za ta yi sama, samari za su cika miki waya da sallama, ciniki ba zai motsa ba. Meta kuma tun 2017 yake rage wa rubutun roƙon sharhi da yaɗawa tafiya, kuma in masu gani suna ɓoye tallanki ko suna kai ƙararsa, makin ingancinsa na faɗuwa, farashi ya hau.

Ki rubuta da Hausa. Ba don kishin harshe na ce haka ba, don tacewa. A cikin jerin rubuce-rubucen Turanci, layin Hausa yana kama idon Bahaushiya, wadda ba ta ji kuma ta wuce ba ta ci miki kuɗi ba. Amma a wajen zaɓen masu gani, ki bar gurbin harshe a buɗe, domin mutanenmu da yawa wayoyinsu da manhajojinsu a Turanci suke, in kika taƙaita za ki zubar da su.

Wajen zaɓen wuri, bustin kan sa mutum ya zaɓi Najeriya gaba ɗaya, ko ya bar wa na'ura. Ki tambayi kanki inda za ki iya kai kaya ba wahala. In cikin gari ne da ɗan acaɓa ko mai Adaidaita, ki dasa alama a tsakiyar Kano ki ja da'irar kilomita 20 zuwa 25. In kina aikawa ta tasha, ki yi wani rukuni dabam na Kaduna, Abuja, Katsina, Dutse da makamantansu, da rubutun da ya faɗi kuɗin aike da kwana nawa yake ɗauka. Kada ki haɗa su, don abin da zai sa matar Rijiyar Zaki ta danna, wato "yau zai iso", ƙarya ne ga matar Gwarinpa a Abuja. Kuma kada ki yi saurin cire maza: ango da 'yan uwansa na sayen kayan lefe, magidanta na yi wa iyali kayan sallah. Sai dai nasu tallan dabam ne, da maganar da ta dace da su. Waɗanda suka fi kowa dannawa kuwa su ne waɗanda suka riga suka san ki. A Ads Manager za ki iya ware mutanen da suka yi hulɗa da shafinki a watannin baya, har zuwa kwana 365, ki nuna musu sabon kaya. A kasuwar da tsoron 'yan damfara ya hana mutane tura kuɗi ga baƙo, sanayya ta fi kowane hoto aiki. Saboda wannan tsoron ne ma nake ba da shawarar ki ambaci unguwarki, da damar biya bayan kaya ya iso ga na cikin gari.

Lokaci ma yana da nasa. Kin fi ni sanin cewa teloli na rufe karɓar ɗinkin sallah tun azumi bai yi nisa ba, don haka tallan yadi a goman ƙarshe ya makara, ga shi lokacin kowa na talla, gwanjon ya yi zafi. Naki ya fara tun Sha'aban. Ƙarshen wata, in albashi ya shigo, ya fi tsakiyarsa. In kina son tallan ya riƙa fita a wasu sa'o'i kawai, sai kin zaɓi kasafin kuɗi na tsawon tallan gaba ɗaya maimakon na kullum. Ni dai ma'aunina ɗaya ne: kada talla ya yi ta gudu a lokacin da ba mai amsa saƙo. Wadda ta turo saƙo ƙarfe goma na dare aka amsa mata da azahar ta riga ta saya a wani wuri, ko sha'awar ta wuce.

Abu biyu za ki riƙa leƙawa a lissafin. Na ɗaya maimaici, wato sau nawa mutum ɗaya ya ga tallan. In kin ga yana hawa, ya wuce uku yana neman huɗu cikin 'yan kwanaki, kason dannawa kuma na sauka, an gaji da hoton ne, ki sauya shi. Na biyu, ki rarraba sakamakon bisa wuraren da tallan ya fito. Akwai wanda ake kira Audience Network, inda tallanki ke fitowa cikin wasannin waya da wasu manhajoji. Can dannawa kan yi yawa da araha, amma da yawanta kuskuren yatsa ne, yaro na wasa da wayar uwarsa ya taɓa. In kin ga wurin na kawo dannawa ba ya kawo saƙo, ki kashe shi.

Gwaji kuma a yi shi da tsari. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda: bidiyo biyu da rubutu iri ɗaya, ko rubutu biyu da bidiyo iri ɗaya. In kika sauya hoto da rubutu da gari a tare, ko an samu ci gaba ba za ki san daga ina ya zo ba. Ki kuma yi haƙuri da shi. Meta na cewa rukunin talla na buƙatar sakamako wajen 50 cikin mako guda kafin na'urar ta gama gane waɗanda suka dace, kuma duk babban gyaran da kika yi yana mayar da ita farko. Mai kuɗi kaɗan da ya raba su gida biyar, yana taɓa su safe da yamma, ba ya barin ko ɗaya ya kai ga haka.

Google ban ga ya dace da ke yanzu ba. Tallan bincike kason dannawarsa ya fi na Facebook nesa, domin mutum ne da kansa ya rubuta abin da yake nema. Yana yi wa mai otal, mai makaranta ko mai haɗa sola aiki. Leshi kuwa ganinsa ake yi a so shi. In kuma kin biya masu manyan shafuka su ɗora miki kaya, ba za ki ga lissafinsu ba, don haka ki ba kowane mahaɗin WhatsApp mai ɗauke da saƙo na dabam, ki san wanda ya kawo miki mutane.

Ga yadda zan kashe naira 30,000 ta gaba da ni ce ke. Ki tuna tun Janairun 2022 Meta na karɓar harajin VAT na kashi 7.5 a kan talla a Najeriya, ki sa shi cikin lissafi. Rukuni ɗaya, cikin Kano, manufarsa saƙon WhatsApp, na kwana bakwai. Bidiyo biyu na kaya ɗaya, rubutu ɗaya mai farashi. Kafin ki kunna, ki cika katalog ɗin WhatsApp Business da hotuna da farashi, ki tanadi gajerun amsoshi na kuɗin aike da lambar asusu, ki sa wa kowace hira alama: ta tambaya, ta yi oda, ta biya. Wadda ta yi shiru ki sake tuntuɓarta sau ɗaya washegari, da hoton kalar da ta tambaya. Ran kwana na bakwai ki rubuta lamba huɗu a littafinki ga kowane bidiyo: kason dannawar mahaɗi, kuɗin kowane saƙo, yawan waɗanda suka biya, da ribar da ta rage bayan kin cire kuɗin talla da na aike. Bidiyon da ya fi a lamba ta huɗu shi za ki ƙara wa kuɗi a mako na biyu, ko da ɗayan ya fi shi a ta farko, sai ki ɗauki sabo ki gwada su tare.